KWAƁI DA YAƁE A BIRNIN ZARIYA: TARIHIN HAƊIN ƘASAR GINI DA GYARAN BANGO

1. Gabatarwa

Masu rubuta tarihin gine-ginen ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga abin da ido ke hange daga nesa, watau bakan gizo da tulluwa da zanko da zanen da a ke yi a fuskar zaure. Ƙasar da aka kwaɓa aka ɗora waɗannan abubuwa kuwa, da wadda a ke yaɓawa bisa bango don ta tsare shi daga ruwa, ba safai a kan tsaya a kanta ba, sai dai a ambace ta a wuce. Alhali kuwa duk wanda ya zauna cikin birnin Zariya ya ga damina biyu ko uku ya san rayuwar soro a hannun yaɓensa ta ke.

Nufin wannan takarda shi ne ta bi tarihin haɗin nan: da me a ke yinsa, daga hannun wa kayan ke fitowa, yaushe a ke sabunta shi, da kuma abin da ya same shi tun daga zuwan Turawa a 1902. Abin da za a nuna shi ne, maginan Zazzau sun shirya yaɓe domin ya sha ruwa a madadin bango, ya zaizaye, a sake wani. Ran da aka daina sakewa, ko aka rufe bango da abin da ya fi shi tauri, ran nan gini ya kama hanyar rushewa.

2. Kalmomin sana'a

Ya kamata a fara da kalmomi, gama su ne shaida mafi tsufa da sana'ar ta bari. Aikatau gina a Hausa ya haɗa ayyuka uku: a kan gina ɗaki, a kan gina rami, a kan gina tukunya. Saboda haka sunan magini ya game mai tā da soro da mai yin tukwane. Wannan ya dace da yadda aikin ya ke, domin mai ginin soro na dā ƙasa ya ke haƙowa daga kududdufi, ya sarrafa ta da tafin hannu kamar yadda mai tukunya ke sarrafa yumɓu.

Daga aikatau kwaɓa aka sami kwaɓi, watau ƙasar da aka jiƙa aka cuɗa har ta kama jikinta. Daga yaɓa aka sami yaɓe, watau shafa kwaɓin bisa bango. Kalmomin nan biyu sun fita daga bakin magina sun shiga maganar kowa. In al'amari ya lalace a kan ce ya kwaɓe, kamar kwaɓin da ruwa ya yi wa yawa har ya ƙi tsayawa. In an ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba a kan ce an yaɓa masa. Malaman makaranta za su lura kuma cewa yaɓe da yabo, ban da wasalin ƙarshe, ƙugiyar harafi ce ta raba su, ga misali mai kyau na amfanin haruffa masu ƙugiya.

Tubali kuwa, masana harshe da dama suna danganta shi da kalmar Larabci ɗub, wadda ita ma daga harshen Misirawan dā ta samo asali, ta kuma ƙetara zuwa Andalus ta shiga harshen mutanen Sifen. In haka ne, sunan ya biyo hanyar fatake da malamai ta cikin hamada. Amma sunayen kayan haɗi, irin su birji da makuba da katsi da laso da dafara, na gida ne, kowanne kuwa yana nuna wata sana'a ko wani itace da ke kusa da magini.

3. Yadda a ke kwaɓi

Tubalin Hausa ba shi da kusurwa. Curi ne mai faɗin gindi da tsinin kai, a kan cura shi da hannu, a shanya a rana kamar mako biyu. Sa'ad da za a ɗora bango sai a jera tubala a tsaye, tsini na duban sama, a riƙa jefa kwaɓi da ƙarfi tsakaninsu har ya cika kowace kafa ya rufe kawunansu, sa'an nan a bari sahun ya sha iska kafin a ɗora na bisansa. Bango ya kan yi kauri ƙwarai a gindi, yana ragewa yayin da ya ke hawa. Daga nan mai karatu zai gane abu guda muhimmi: a ginin tubali ba a barin gaɓa a fili kamar yadda a ke gani a ginin jan bulo. Abin da ke riƙe tubala da abin da ke rufe su dangi ɗaya ne, ƙasa ce bisa ƙasa, shi ya sa su ke kama juna, su ke kumbura tare da damina, su ke tsukewa tare da rani.

Ƙasar da aka fi so ita ce jan birji, wadda ke da tsakuwa da yashi gauraye da yumɓu. Yumɓu shi ne mai danƙo, amma in ya yi yawa kwaɓi ya kan tsattsage wajen bushewa. In kuwa yashi ya rinjaya sai ya riƙa zuba kamar gari. Gwanintar magini ta fari ita ce ya damƙi ƙasa a hannu ya san wadda ta ke bukatar ƙari. A kan farfasa birji da fartanya, a zuba ruwa, a tattake da ƙafa, a yayyanka ciyawa irin datsi a barbaɗa, a ƙara da kashin doki inda a ke da shi. Ba a yin aiki da shi ran da aka kwaɓa. A kan tara shi a bari ya kwana kwanaki, a sake jiƙawa a sake takawa, har ciyawa ta yi laushi ta saki abin da ke jikinta, ruwa kuma ya ratsa kowane ɓarɓashin yumɓu. Zaren ciyawa da na kashin doki shi ke riƙe kwaɓi kada ƙaramar tsaga ta zama babba.

Lokacin aikin ma ba a zaɓe shi da ka ba. A kan fara bayan kaka, sa'ad da an gama aikin gona, kududdufai na da sauran ruwa, iskar hunturu kuma na busar da sahu da wuri. Ramukan da ke warwatse cikin unguwannin birnin Zariya, daga cikinsu aka haƙo gidajen da ke kewaye da su, su ne kuma ke tara ruwan da za a yi kwaɓin shekara mai zuwa.

4. Yaɓe iri uku

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, galibinsa tsakanin watan Mayu da na Satumba, hadari kuwa daga gabas ya fi tasowa da iska mai ƙarfi. Don haka bangon gabas da rawanin soro da wuyan indararo su ne ke fara ciwo. Maginan birni sun san bango ba ya shan wahala daidai a ko'ina, sai suka tanadi yaɓe daraja daraja.

Na fari shi ne yaɓen ƙasa zalla, watau kwaɓi mai laushi da aka tsince manyan tsakuwa daga ciki. Shi ne na talaka, shi ne kuma na katanga da bangon da ke cikin inuwa. Damina ɗaya ko biyu ta kan cinye shi.

Na biyu shi ne makuba. Ɗorawa ta kan nuna da bazara, a ci garinta, a yi daddawa da kalwarta, sai ɓawon ya rage. Ɓawon nan a kan daka shi a jiƙa, ruwan ya yi ja ya yi duhu, sa'an nan a kwaɓa ƙasa da shi, ko a yayyafa bisa yaɓen da aka riga aka yi. Cikin ɓawon akwai sinadari mai ɗaci irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. In ya haɗu da jar ƙasa sai ya ƙulle fuskarta, ruwa ya riƙa zamewa maimakon ya shige. Abin lura a nan shi ne ɗorawa na ba da ɓawonta daf da faɗuwar damina, daidai lokacin da bango ke bukata. Da ruwan makuba ko na bagaruwa kuma mata ke yin daɓe, a yayyafa a buga da madaɓi har ƙasan ɗaki ya yi santsi. Akwai kuma cafe, inda a ke danna ƙananan tsakuwa cikin ɗanyen yaɓe domin su kashe kaifin ruwa.

Na uku, wanda ya fi duka daraja da tsada, shi ne laso. Abu uku a ke haɗawa. Akwai katsi, watau laka mai toka da baba da ke kwanciya a gindin rijiyar rini, wadda marina ke kwashewa su cura su shanya su ƙona. Akwai gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatar akuya, da sauran maiƙo a jikinsa. Akwai dafara, wata 'yar daji mai yaɗo, wadda a ke daka saiwarta a jiƙa ta ba da ruwa mai yauƙi. Katsi shi ne jiki, gashi shi ne zare, dafara ita ce danƙo. Da laso a ke shafe rufin soro da rawani da zanko da bakin indararo, da shi kuma a ke shafe cikin rijiyar rini kanta don kada ta tsiyaye. Laso mai kyau ya kan kai shekaru kafin a sake shi, amma shi ma ba a yi shi don ya dawwama ba.

Wanda ya dubi jerin kayan nan zai ga magini ba shi kaɗai ke tsare bango ba. Yana dogara ga marini da majemi da mai doki da mai gonar da ke da ɗorawa. Sharar sana'ar wani ita ce jarin wani.

5. Zamanin Babban Gwani

Ganuwar Zariya, wadda tsawon kewayenta ya kai tsakanin kilomita 14 da 16, da ƙofofinta irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Tukur-Tukur da Ƙofar Kona, ita ce babban aikin ƙasa na birnin. Al'adar biranen Hausa ita ce a gyara ganuwa da rani bisa umurnin sarki, a raba ta yanki yanki tsakanin masu sarauta, kowa ya kawo mutanensa da bayinsa su cike inda damina ta ci. Ganuwar da ta shekara ɗaruruwa, an sake fatarta sau da yawa ba iyaka.

Aikin da ya fi nuna iyakar gwanintar maginan Zazzau shi ne Masallacin Juma'a, wanda aka gina a zamanin Sarki Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wanda ya gina shi shi ne Malam Mika'ilu, wanda a ke kira Muhammadu Durugu, aka fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Ya tā da ginshiƙai masu kauri, ya miƙo bakan gizo daga jikinsu ta hanyar ɗaura azarar giginya sanda bisa sanda cikin kwaɓi, har suka haɗu suka ɗauki tulluwa. Azara ita ce ƙashi, gara ba ta cinta da sauƙi. Amma abin da ya riƙe azara a wurinta, ya danne gindinta da nauyi, ya hana ruwa isa gare ta, shi ne kwaɓi a ciki da laso a bisa. Zanen da ke jikin ginshiƙan ma da ɗanyen yaɓe aka fitar da shi, gama tun ran gini ran zane.

Zuriyar Babban Gwani sun ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Magina a Zazzau. Sarautar nan ta haɗa da kula da gyaran masallaci da gidan sarki, da raba aikin sarki tsakanin magina. Ta haka aka gāji sanin haɗi daga uba zuwa ɗa: yaro ya fara da ɗaukar ruwa da taka kwaɓi, ya koyi jefa tubali sama ga mai tsaye a kan bango, ya daɗe kafin a yarda ya taɓa bakan gizo. Ba a rubuta awo ba, ba a kuwa bukaci rubutawa ba, tun da kowace shekara a ke maimaita aikin a gaban yara. Masallacin ya haura shekara 100 yana tsaye a bisa wannan tsari.

6. Zuwan siminti

Bayan 1902 abubuwa suka sāke ta fuska da dama. Yaƙi ya ƙare, ganuwa ta rasa aikinta, aka daina gayyar gyaranta, har mutane suka riƙa ɗibar ƙasarta suna yin tubali. Bauta ta yi ta raguwa har aka soke ta gaba ɗaya a Jihar Arewa a 1936, manyan gidaje suka rasa hannuwan da ke yi musu yaɓe kyauta, aikin ya koma na kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ya kawo kwanon rufi da siminti, aka kafa Sabon Gari kusa da tasha inda a ke gini irin na baƙi. Duk da haka ginin ƙasa bai faɗi nan da nan ba. A 1929 an gina majami'ar Wusasa da ƙasa bisa tsarin maginan gida, a 1945 kuma wani injiniyan Ma'aikatar Ayyuka, A. F. Daldy, ya rubuta littafi kan yadda a ke ginin ƙasa a Arewa domin amfanin ma'aikatan gwamnati.

Kalmomi sun sake ba da shaida. Tare da sabon kaya aka sami siminti da bulo da kankare da filasta da lebura da ɗan kwangila, duka daga Turanci, an sa musu wasali tsakanin baƙaƙe da kuma a ƙarshe don su zauna a bakin Bahaushe. Mafi muhimmanci ita ce birkila. Hausa ba ta kira mai aikin bulo da siminti magini kawai ba, ta ba shi suna dabam, gama sana'arsa dabam ce: yana aiki da cokali da igiya da ma'auni, magini kuwa da tafin hannu da ido.

Cikin shekarun 1950 da 1960 attajiran birni suka shiga ƙawata fuskar zaurukansu da zane mai tudu, har da hoton keke da mota tare da dagi, a shafe da siminti a yi fenti. A. H. M. Kirk-Greene ya buga ɗan littafi kan gidajen nan na Zariya a 1963. A lokacin nan ne kuma aka fara yin siminti a cikin ƙasa, a Nkalagu a 1957, a Sakkwato a 1967. Su kuwa kayan laso sai suka yi ta wuya. Masaƙar zamani ta buɗe a Kaduna a 1957, yadin kanti da shunin Turawa suka rage wa marina kasuwa, rijiyoyin rini suka yi ta mutuwa, katsi ya tafi tare da su. Keke da mota suka rage dawaki. Mai gida ya duba ya ga laso na da tsada, yaɓe na dawowa kowace shekara, siminti kuwa an ce sau ɗaya a ke yi. Ba abin mamaki ba ne da ya zaɓi siminti.

Amma siminti da ƙasa ba su zama lafiya. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, sai an kafa ƙusoshi ko waya ko duwatsu don ya sami abin riƙewa. Ƙasa na motsi da laima, shi kuwa ba ya bin ta, sai ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwa ne ƙadangaren. In ya shiga ta tsaga, ko ya hauro daga gindin bango, ba shi da hanyar fita, domin filasta ta toshe numfashin ƙasa. Sai tubali ya jiƙe ya ruɓe a ɓoye, gara ta sami laima, fuska kuwa na nan sumul, har ran da filastar za ta ɓanɓaro gaba ɗaya da guntun bango a bayanta. Yaɓen ƙasa in ya ci, kowa na gani, a gyara da kwando biyu na kwaɓi. Ɓarnar da ke bayan siminti ba a ganinta sai ta gama.

Cikin shekarun 1970 aka rufe tsohon Masallacin Juma'a da sabon gini na kankare, aka rushe wasu sassan da ke kewaye da shi, ɗakin salla na Babban Gwani ya koma cikin inuwar wani rufi. Z. R. Dmochowski, masanin gini mutumin Folan, ya riga ya auna masallacin ya zana shi, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

7. Abin da wasu ƙasashe suka gano

Wannan darasi bai tsaya ga ginin ƙasa kaɗai ba. A Ingila tsofaffin gidajen jan bulo an ɗora su ne da kwaɓin yashi da farar ƙasar da a ke samu ta ƙona dutse, galibi kashi 1 na farar ƙasa ga kashi 3 na yashi. Kwaɓin nan ya fi bulo laushi, laima ta kan fita ta gaɓa, gaɓar ta zaizaye a hankali. Bayan shekaru sai a ƙwaƙule ta a cike da sabo. Da Joseph Aspdin ya sami izinin mallakar simintinsa a 1824, daga baya kuma aka shiga cike gaɓoɓin tsofaffin gine-gine da siminti, sai aka ga laima ta koma fita ta jikin bulo, fuskar bulo na ɓarewa, gaɓa na tsaye. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877 ta dage a kan a riƙa ƙaramin gyara kullum da kaya irin na asali. Ka'idar da masu gyaran jan bulo ke bi yanzu ita ce kwaɓi ya fi abin da ya ke riƙewa laushi, don shi ya lalace a madadinsa. Ka'idar da maginan Zazzau suka yi aiki da ita ke nan.

A Afirka ta Yamma ma akwai inda tsarin bai yanke ba. Masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka gina a 1907, mutanen gari na fita gayya su sake yaɓensa shekara shekara, itatuwan da ke fitowa daga jikin bango su ne matakan masu yaɓe. Hasumiyar Agadas ma da irin wannan gyara ta kai yau.

8. Kammalawa

Tarihin kwaɓi a Zariya ya nuna cewa ƙarfin ginin ƙasa ya rataya ga abu biyu: kayan haɗi da sauran sana'o'in birni ke bayarwa, da hannuwan da ke komowa kowane rani. Ƙasa na nan, ɗorawa na nan, dafara na nan a daji. Abin da ke gushewa shi ne sanin awo, gama galibinsa a hannun magina ya ke, kowane tsohon magini da ya rasu kuwa ya tafi da nasa.

A nan akwai aiki ga sassan nazarin Hausa da kwalejojin horon malamai. Ɗalibi zai iya zama da tsofaffin magina da marina da majema na unguwarsu, ya rubuta sunan kowane abu kamar yadda su ke faɗinsa, da kwano nawa na wannan ga kwano nawa na wancan, da kwana nawa a ke barin kwaɓi, da alamar da su ke gane ya nuna. In aka tara wannan daga Zariya, aka gwada da na Kano da Katsina da Sakkwato, za a sami abin ƙarawa ƙamus, za a kuma sami abin da mai gyaran tsohon soro zai yi aiki da shi. Hukumomin da ke riƙe da gidan sarki da ƙofofin birni da sauran ganuwa kuwa, abin da tarihin nan ke nuna musu shi ne su ware kuɗin yaɓe kowace shekara kafin faɗuwar damina, su kuma hana a rufe bangon ƙasa da siminti.